Tarihin Kat-san-kat a Kan Hanyar Filinge

Darasinmu na yau tarihin wata mota ne, da na makanikan da suka hana ta mutuwa.

Daga Yamai zuwa Filinge akwai wajen kilomita 180. Hanyar ta bi ta Baleyara, ta ratsa ƙasar Tondikandiya, ta bi Dallol Boso har ƙasar Kurfai. A zamanin kakanninmu jaki da raƙumi ne ke ɗaukar gero da wake da kanwa a wannan hanya. Tafiyar kwanaki ce. Da mota ta zo, sai ta koma tafiyar yini guda. Motar da ta fi suna a nan ita ce Peugeot 404. Mu muna ce mata Fijo, ko Kat-san-kat.

An fara ƙera 404 a Faransa a 1960. Akwai ta shiga, akwai kuma mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol, wato akori-kura. Ita ce ta zama motar kasuwa. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Filinge da ta Baleyara, takan ɗauki mutane da buhuna da awaki gaba ɗaya. A 1968 aka fito da ƙanwarta, 504. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, a Najeriya, aka yi ta haɗa 504 a can wajen shekara 30. Wannan ya kawo kayan gyara kusa da mu.

Wasu motocin kuma ta hamada suka shigo. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sukan sayi tsohuwar Fijo da arha. Su bi ta Aljeriya, su faɗo Arlit da Agadas, su sayar da ita a Nijar, su koma gida a jirgi. Wannan ciniki ya tsaya a farkon shekarun 1990, saboda rashin zaman lafiya a kan hanyar. Ke nan motoci da yawa da tsufansu suka iso mana. Sai an gyara kafin a ci moriyarsu.

To, me ya sa talaka ya iya riƙe wannan mota? Asirin yana cikin injinta. Injin yana da ramuka 4. A cikin kowane rami akwai piston mai hawa da sauka. A jikin piston akwai zobba, makanikai na ce musu sigma. Su ne ke hana mai da iska zurarewa. In ƙura ta shiga, sai ta yi ta goge ramin da zobban kamar dutsen niƙa. Daga nan mota ta fara shuɗin hayaƙi, ta riƙa shan baƙin mai, ta kasa hawa tudu.

A injuna da yawa, in rami ya cinye sai an kai gangar jikin injin ga babban injin yanka ƙarfe. Wannan aiki ne mai tsada. Amma a 404 da 504 kowane rami riga gare shi ta ƙarfe, ana ce mata shamiz. Ana zare ta kamar yadda ake zare wuƙa daga kube. Makaniki ya cire tsofaffi 4, ya sa sababbi 4 da piston da zobbansu. Yana iya yin wannan a gindin itace, da kayan aikin da ba su cika akwati ɗaya ba. Inji guda ana iya tada shi haka sau da yawa.

Makanikanmu ba su tsaya ga gyara kawai ba. Sun sake wa motar hali don ta dace da ƙasarmu. Injin 404 lita 1,6 ne. Na 504 ya kai lita 2. Saboda haka wasu suka riƙa ɗora injin ƙanwa a jikin yaya don ƙarin ƙarfi. Wasu suka ɗaure fankar inji ta riƙa juyawa kullum saboda zafin bazara. Wasu suka ƙara ƙarafan baya don ɗaukar kaya masu nauyi.

Amma ku lura da kyau. Ba kowace dabara ce mai amfani ba. Ƙarin ƙarfe a baya yana ɗaukar buhu, amma ba ya ƙara wa birki ƙarfi. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima ba ta tsayawa inda direba yake so. Rayukan da ke bisa kayan nan namu ne da na ƴaƴanmu. Haka kuma kan injin, wanda ake ce wa kilas, na sanholo ne. In aka bar mota ta tafasa don rashin ruwa, sai ya lanƙwashe. Ruwan gora ɗaya da aka yi wa ƙyuya sai ya cinye kuɗin amfanin gona na shekara.

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa. Kafin ranar, faran ɗaya na Faransa dala 10 ne. Bayan ranar ya koma dala 20. Kayan gyara da ake sayowa daga Turai suka yi tsada ƙwarai. Masu mota suka koma ga kayan kwance. Ana neman su a wurin masu tsofaffin ƙarafa a Yamai, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Ana kuma sauke tsofaffin injuna a tashoshin jirgin ruwa na Kwatano da Lome. A mota 2 da suka mutu ake haɗa guda mai rai. Abin da ya lalace sarai ma ba a yar da shi. Maƙeran kasuwar Katako a Yamai suna narka sanholo su zuba tukwane.

Sannu a hankali motocin Japan, irin su Toyota Hiace da Hilux, suka karɓe hanyar. Yau ba a ƙera 404 ko 504 a ko'ina. Amma sana'ar da aka koya a kansu tana nan. Da ita ake gyara injin niƙa da injin ban ruwa da babur a ƙauyukanmu.

A nan ne karatu ya shigo. Kowane ƙarfe na inji yana da lamba a rubuce. Wanda ya iya karatu zai duba lambar tsohon ƙarfe ya gwada da ta sabon. Ba za a sayar masa da wanda bai dace ba. Zai rubuta ranar da ya sake baƙin mai a ɗan littafi. Zai nemi makaniki ya rubuta masa kuɗin kaya dabam, kuɗin aiki dabam. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Yaron gareji da ya haɗa aikin hannu da karatu ya fi saurin zama maigidan kansa.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku. Na ɗaya, me ya sa gyaran injin 404 bai yi tsada ba? Na biyu, me ya faru a 1994? Na uku, wace illa ke cikin yi wa mota lodi fiye da kima? Kowa ya rubuta amsarsa da hannunsa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.