Falsafa Biyu a Garwa: Ta Zaure da Ta Makarantar Boko

A watan Janairun 2022 gwamnatin Kamaru ta kafa Jami'ar Garwa, wadda ta zama ta uku ta gwamnati a arewacin ƙasar, bayan ta Ngaundare (1993) da ta Marwa (2008). Duk inda aka buɗe sabuwar jami'a, akan ji mutane na tambaya: me falsafa za ta tsinana wa yaron da ke neman abin sa wa a bakin salati? Tarihin yankin yana da abin cewa, domin ba da zuwan Turawa aka fara koyar da sarrafa hankali a bakin kogin Binuwai ba.

A da Garwa tana cikin daular Fombina, wadda Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809. Ita kanta kalmar modibbo, wadda Fulfulde ta aro daga Larabci, ma'anarta malami. Karatun zaure na wannan daula iri ɗaya ne da na Borno da ƙasar Hausa, kuma a cikinsa akwai fannoni biyu da suka shafi wannan batu: mantiƙi, wato ilimin gina hujja, da tauhidi. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Maghili, wanda ya zauna Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi jayayya da Suyuɗi na Masar a kan halaccin mantiƙi, Maghili yana kare shi.

Littafin tauhidi da ya fi yaɗuwa shi ne Ummul Barahina na Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490. Littafin ya buɗe ne da kasa hukuncin hankali gida uku: wajibi, wanda hankali ba ya iya ƙaddara rashinsa, mustahili, wanda ba ya iya ƙaddara samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. Almajirin da ya riƙe wannan ya sami ma'aunin da zai auna kowace irin magana, ta addini ce ko ta kasuwa. Fulani sun mayar da karatun cikin harshensu da baki, suka kira shi kaɓɓe, daga tushen da ke nufin ɗaurewa, daidai da tushen kalmar aƙida a Larabci. A ƙarni na 17 Muhammad al-Wali, wani malami Bafillace na ƙasar Bagirmi, gabas da arewacin Kamaru na yau, ya rubuta wannan sharhi da Larabci.

Sai dai makami ne mai kaifi biyu. Wasu masu wannan karatu sun ɗauka cewa duk wanda bai iya kawo hujjar hankali a kan imaninsa ba, imaninsa bai inganta ba. Sai suka riƙa tsare manomi da makiyayi da tambayoyi, in ya kasa amsawa su kafirta shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da sunan kafiri kan iya jawo wa mutum bauta. Shehu Usmanu ya yi rubuce-rubuce da yawa yana rushe wannan ra'ayi, yana nuna cewa imanin talaka ingantacce ne ko da bai san salon malaman kalamu ba. Abin lura shi ne bai hana karatun ba. Hujja ya sa ya karya hujja. Jikansa ma, Abdulƙadir ɗan Tafa (1804–1864), ya shahara da rubutu a kan falsafa.

Jamusawa sun ci Garwa a 1901, Ingila da Faransa suka ƙwace ta a 1915, daga baya iyaka ta raba ta da Yola. Tsarin makarantun Faransa ya zo da tasa falsafar, wadda ake koyarwa a ajin ƙarshe na sakandare, a kuma yi jarrabawa a kanta. Bayan samun 'yanci a 1960, ƙarƙashin Ahmadu Ahidjo, haifaffen Garwa, ƙasar ta fitar da manyan masana falsafa irin su Marcien Towa da Fabien Eboussi Boulaga. Towa ya dage cewa tattara karin magana da al'adu ba shi ne falsafa ba, sai an sa su a sikelin suka. Amma su mutanen kudu ne, da Faransanci suka yi muhawararsu, kuma ba ta taɓo littattafan zaure ba. Haka ɗalibin Garwa zai yi ta fama da Descartes da safe, alhali malamin unguwarsu na karantar da Sanusi da yamma, ba wanda ya gaya masa cewa dukansu sun sha daga rijiyar Aristotle da magadansa.

Wannan rabuwa ta yi tsada. Daga 2014 hare-haren Boko Haram suka tsananta a jihar Arewa Mai Nisa, kuma jarin ƙungiyar shi ne tsohuwar da'awar nan ta kafirta Musulmin da bai bi ra'ayinta ba. Amsar da Shehu ya bayar shekaru fiye da 200 da suka wuce tana nan cikin Larabci, a hannun malaman zaure. Wanda ya koyi rubuta muhawara a makarantar boko kuwa galibi ba ya iya karanta ta, sai jami'a ta tanadi malamin da ya san Larabci, Fulfulde da Faransanci, ya zauna da shi a kan littafin.