Xanthopan praedicta: Ƙwaron Da Aka Sifanta Kafin A Gan Shi

Xanthopan praedicta wani malam-buɗe-littafi ne na dare, mazaunin dazuzzukan tsibirin Madagaska masu yawan ruwan sama, wanda ya shahara da tsawon bakin da yake tsotson ruwan fure da shi. Marubuta sun yi saɓani a kan malamin da aka girmama da wannan suna, shi ya sa ya wajaba a bi riwayar daga tushe.

A watan Janairu na 1862 ne James Bateman ya aika wa Charles Darwin wani furen Madagaska mai suna Angraecum sesquipedale, wanda ruwan zaƙinsa ke can ƙasan wani siririn bututu mai tsawon kusan ƙafa guda. Da Darwin ya auna bututun, sai ya yi ƙiyasi cewa lalle akwai ƙwaro a tsibirin mai baki inci 10 zuwa 11, domin in babu shi, babu mai ɗaukar ƙurar furen ya kai wa ɗan'uwansa. A 1867 Duke na Argyll ya yi raddi, yana mai cewa irin wannan dacewa hikimar Mahalicci kaɗai take nunawa. A shekarar kuwa Alfred Russel Wallace ya mayar masa da martani, ya ce shi da kansa ya auna bakin wani ƙwaro na Afirka mai suna morganii ya sami inci 7 da rabi, saboda haka masu bincike su nemi danginsa a Madagaska da irin yaƙinin da masana taurari suka nemi duniyar Neptune.

Darwin ya mutu a 1882 bai ga ƙwaron ba. Sai a 1903 Walter Rothschild da Karl Jordan suka sifanta shi a matsayin reshen morganii, suka laƙaba masa praedicta, wato wanda aka yi hasashensa. Riwayar da ta fi yaɗuwa tana jingina sunan ga Darwin, alhali kuwa Wallace ne Rothschild da Jordan suka ambata a nassinsu, kuma shi ne ya nuna dangin da za a nema, yana nan da rai ma a lokacin.

Ba a shaida ƙwaron yana tsotson furen ba sai a 1992, a binciken Lutz Wasserthal. A 2021 Joël Minet da abokan aikinsa suka raba shi da morganii, ya zama jinsi mai zaman kansa.