Masaryk: Ɗan Mai Tuƙa Keken Doki a Kan Kuɗin Azurfa

Ranar 14 ga Satumba, 1937, Tomáš Garrigue Masaryk, shugaban Cekoslobakiya na farko, ya rasu a fadar Lány yana da shekara 87. Don tunawa da shi aka buga tsabar azurfa ta koruna 20 a tsohon gidan buga kuɗi na Kremnica. Nauyinta giram 12, kashi 70 cikin ɗari azurfa ce. Gefe guda tambarin ƙasa ne, ɗaya gefen kuwa fuskar dattijon ce da ɗan gemunsa mai tsini, tare da shekarar haihuwarsa da ta rasuwarsa, 1850 da 1937. Ko a 1928, da ƙasar ta cika shekara 10 da kafuwa, fuskarsa aka ɗora a kan azurfar koruna 10.

Wanda aka yi wa wannan karramawa ɗan talakawa ne tilis. An haife shi a Hodonín, a yankin Morabiya. Mahaifinsa mai tuƙa keken doki ne a gandun sarkin Austiriya. Ya ɗan taɓa koyon ƙira kafin karatu ya ja shi, har ya zama malamin falsafa a jami'ar birnin Firag a 1882. Matarsa Charlotte Garrigue Ba'amurkiya ce, kuma sunan gidansu ya ɗauka ya haɗa da nasa.

A ganina, abin da ya sa ya cancanci azurfar nan ya faru tun yana malami, lokacin da mutanensa ba su ko son jin sunansa. A 1886 ya goyi bayan masanan da suka ce wasu tsofaffin rubuce-rubuce biyu, waɗanda Cekawa ke tinƙaho da su a matsayin shaidar daɗewar adabinsu, na jabu ne. Aka kira shi maci amanar ƙasa. Daga baya ta tabbata jabun ne.

Rigimar 1899 ta fi zafi. An tsinci gawar wata budurwa kusa da garin Polná, aka kama wani matashi Bayahude, Leopold Hilsner. Nan da nan jita-jita ta gama gari cewa Yahudawa ne suka yanka ta don su yi tsafi da jininta, tsohuwar ƙaryar da ta sha cin rayuka a Turai. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Masaryk bai haɗa komai da yaron ba, ba dangin iya ba na baba, amma ya bi bayanan shari'ar dalla-dalla, ya rubuta cewa a sake ta. Jaridu suka yi masa ca, ɗalibai suka cika ɗakin da yake koyarwa da ihu har darasi ya gagara. An sake shari'ar a 1900, aka kuma kama Hilsner da laifi, sai dai an mayar da hukuncin ɗaurin rai-da-rai, bai fito ba sai 1918. Masaryk bai yi nasara a kotu ba, bai kuma janye ko kalma ɗaya ba.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya fice daga ƙasar a ƙarshen 1914 yana da shekara 64, ya yi ta zarya tsakanin Landan, Rasha da Amurka yana neman goyon bayan 'yantar da mutanensa daga mulkin Austiriya. Ranar 28 ga Oktoba, 1918 aka kafa Cekoslobakiya. Sau huɗu majalisa tana zaɓensa shugaba, sai a Disambar 1935 ya sauka da kansa saboda tsufa da rashin lafiya.

Shekara guda bayan rasuwarsa, a Satumbar 1938, Birtaniya da Faransa suka zauna da Hitler da Mussolini a Munik, suka miƙa wa Jamus yankin Sudeten na Cekoslobakiya, ba ko wakilin Cekawa ɗaya a teburin. A Maris 1939 sojojin Jamus suka shiga Firag. 'Yan gurguzu da suka karɓe mulki a 1948 su ma ba su ƙaunace shi ba: an kawar da mutum-mutuminsa daga dandalin garuruwa, an canza wa tituna suna. Sai bayan juyin 1989 da ya kawar da mulkinsu aka maido masa da martabarsa, kuma yau hotonsa ne a kan takardar koruna 5,000, mafi girma a kuɗin Jamhuriyar Cek.