Gaya da Gandun Dajin W: Tarihin Baƙi a Ƙasar Dandi

Garin Gaya, da ke jihar Dosso ta ƙasar Nijar, a bakin kogin Isa, ya san baƙi tun zamanin fatake, lokacin da ayarin Hausawa ke ƙetare kogin a ƙasar Dandi a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Baƙon da ke zuwa don kallo kaɗai, wato ɗan yawon buɗe ido, ya bayyana ne bayan da Turawan Faransa suka keɓe dajin da ke arewa maso yammacin garin, suka mai da shi gandun ƙasa a 1954, da sunan W, saboda yadda kogin ya lanƙwashe a wurin kamar wannan harafi.

Da fari sha'awar Turawa ta fi karkata ga farauta a dazuzzukan kewaye, amma bayan da UNESCO ta sanya ɓangaren gandun da ke ƙasar Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996, sai aka koma ga yawo mai ɗorewa, wanda manufarsa ita ce baƙi kaɗan su biya kuɗi mai tsoka, su ga giwaye da ɓauna da dorina ba tare da ɓata daji ba, ƙauyuka kuma su sami rabonsu. Wannan rabo bai taka kara ya karya ba, musamman ga makiyayan da aka hana kiwo a ciki. Daga bisani matsalar tsaro, da kisan da aka yi wa wasu baƙi a yankin Kure a Agustan 2020, da rufe gadar da ta haɗa Gaya da garin Malanbil na ƙetaren iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023, suka durƙusar da harkar.