Gurbin Ajin Share Fage: Yadda Iyaye Ke Zaɓe Da Jera Makarantu, Daga Kazaure Zuwa Inda Ake Ƙuri'a

Duk lokacin da sabuwar shekarar karatu ta gabato, magidanta a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa kan tsaya shawarar inda za a kai yaron da ya isa shiga aji. Mafi yawa ana yanke hukunci ne da sunan da makaranta ta yi a gari. Amma zaɓen makaranta ilimi ne mai ƙa'idoji, musamman inda masu nema suka fi guraben yawa, kuma babbar ƙa'idarsa ita ce uba ya san yadda ake raba gurbin kafin ya rubuta wacce ce ta ɗaya, wacce ce ta biyu.

Matsayin ajin a doka

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta sanya kula da ƙananan yara da tarbiyyarsu cikin ilimin matakin farko. Manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 kuma ta ware shekara guda ta share fage ga ɗan shekara 5, kafin ya shiga aji ɗaya na firamare yana ɗan shekara 6. Abin da ake nufi shi ne a samu irin wannan aji a cikin makarantun firamare na gwamnati, kyauta, ba sai a makarantun kuɗi da ake kira nazare ba.

A Jihar Jigawa, hukumar SUBEB da ke Dutse ce ke riƙe da wannan mataki, ta hannun ofishin ilimi na kowace ƙaramar hukuma daga cikin 27 na jihar, wanda sakataren ilimi ke shugabanta. Kazaure da Roni da Gwiwa suna cikin masarautar Kazaure, Babura kuwa tana cikin ta Ringim, amma a harkar makaranta kowace ƙaramar hukuma da nata ofishin.

A waɗannan wurare ba a raba gurbi da ƙuri'a. Uba ko uwa kan kai yaro wurin hedimasta, a duba shekarunsa, a rubuta sunansa a rajista. A ƙauyukan Roni da Gwiwa sau da yawa nisa ne ke yanke hukunci, domin makarantar da ƙafar yaro za ta iya kaiwa ita ce zaɓinsa. A cikin garin Kazaure, inda ma'aikata da 'yan kasuwa suka taru, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da iyalan ma'aikatanta, zaɓi ya fi faɗi, kuma makarantar da ta yi suna takan cika da wuri.

Inda ake ƙuri'a

Akwai biranen da suka warware matsalar cunkoso ta hanyar ƙuri'a. A Washington, babban birnin Amurka, gwamnati na ba 'yan shekara 3 da 4 karatun share fage kyauta, kuma tun 2014 ana raba guraben ta tsari guda mai suna My School DC. Iyaye na cike takarda ɗaya a intanet, su jera makarantu har 12 daga wadda suka fi so zuwa ƙasa. Birnin New York ma ya faɗaɗa irin wannan karatu ga 'yan shekara 4 daga 2014, yana kuma karɓar jerin zaɓin iyaye.

Wannan ƙuri'a ba caca ba ce, domin ba a zuba kuɗi. Kwamfuta ce ke ba kowane yaro lamba ba tare da duba ko ɗan wane ne ba. Kafin a kai ga lambar ma akwai fifiko da aka sanar tun farko, kamar yaron da ke zaune a yankin makarantar, ko wanda yayansa ke karatu a cikinta. Lambar tana raba gardama ne tsakanin waɗanda fifikonsu ya zo daidai. Amfaninta shi ne tana toshe ƙofar alfarma da wa-ka-sani.

Tsari biyu na rabon gurbi

A nan ne iyaye suka fi yin kuskure, domin jerin da ya yi amfani a wani tsari yana iya cutarwa a wani.

Tsari na farko yana yanke hukunci nan take. Kowace makaranta za ta fara cike gurabenta da waɗanda suka sa ta a matsayi na ɗaya, kuma wanda ta ɗauka ya zauna ke nan. A ce uba ya sa makarantar da kowa ke rububi a farko, ya sa ta unguwarsu a na biyu. Idan ɗansa ya faɗi a ta farkon, kafin a waiwayi ta biyun ta riga ta cika da waɗanda suka sa ta a gaba. Ya yi biyu-babu. Da irin wannan tsari birnin Boston ya yi aiki har zuwa 2005, aka kuma lura cewa iyaye masu wayo suna ɓoye ainihin abin da suke so, marasa masaniya kuwa su ne ke kwana ciki.

Tsari na biyu yana jinkirta hukunci. Ana gwada kowane yaro a zaɓinsa na farko, makaranta ta riƙe waɗanda suka fi fifiko riƙon wucin gadi. Wanda bai samu ba sai ya gangara zaɓinsa na biyu, a auna shi da waɗanda aka riƙe a can kafaɗa da kafaɗa, har yana iya ture wanda ya fi shi rauni ko da shi wancan ya sa makarantar a farko. Haka za a yi ta zagayawa har kowa ya zauna. Masana lissafi David Gale da Lloyd Shapley ne suka bayyana wannan hanya a 1962, kuma a 2012 Shapley da Alvin Roth suka samu lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki saboda ita da yadda aka yi aiki da ita. New York ta ɗauke ta don makarantun sakandare a 2003, Boston ta biyo baya, kuma a kanta aka gina tsarin Washington.

A wannan tsari na biyu dabara ba ta da amfani. Sa makarantar da ake rububi a farko ba ya rage wa yaro damarsa a ta biyu, don haka gaskiyar abin da ake so ita ce mafi kyawun jeri. A Washington, yaron da ya samu zaɓinsa na uku yakan shiga layin jira na ta ɗaya da ta biyu, amma sunansa ya fita daga duk waɗanda ke ƙasa. Wanda ya sa makarantar da ya fi so a ƙasa don tsoro, ya rufe wa kansa ƙofarta da hannunsa.

Inda abin ya shafe mu

Iyayen Jigawa suna haɗuwa da jera makarantu ne a gaba kaɗan. Na farko shi ne jarrabawar shiga makarantun haɗaka na tarayya da hukumar NECO ke shiryawa ga 'yan ajin ƙarshe na firamare. Makarantun sun haura ɗari a faɗin ƙasa, ciki har da Kwalejin 'Yan Mata ta Tarayya da ke Kazaure da Kwalejin Tarayya ta Kiyawa. A can maki ne ke aiki, ba ƙuri'a ba, kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sha bayyana cewa kashi 60 cikin 100 na guraben na cancanta ne, kashi 30 na daidaito tsakanin jihohi, kashi 10 kuma na buƙatu na musamman. Na biyu shi ne takardar JAMB, inda jami'o'i da dama ke duba waɗanda suka sa su a zaɓin farko kawai. Wannan ya fi kama da tsarin yanke hukunci nan take, shi ya sa zaɓin farko ke buƙatar auna makin ɗalibi da yawan masu nema.

Tambayar da ya kamata a yi wa duk jami'in da ya miƙo takardar zaɓi guda ce: idan yaro bai samu ta farko ba, shin damarsa a ta biyu tana raguwa? Idan ba ta raguwa, a jera bisa son rai. Idan tana raguwa, a sa wadda ake da kyakkyawan zaton samu a gaba.

Abin da ake aunawa kafin jeri

Ga ɗan shekara 4 ko 5, hanya ta fi suna muhimmanci. Titin Kano zuwa Daura ya ratsa Kazaure, kuma makarantar da za ta sa yaro tsallaka shi kullum tana buƙatar babba mai rakiya safe da rana. Ɗan kasuwar da ke fita tun asuba da ma'aikacin da ke tashi bayan la'asar su fara lissafa wanda zai ɗauko yaron idan an tashi. A karkarar Babura da Gwiwa a tambayi yadda hanyar take da damina.

Sai yawan yara a aji. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki, kuma shaidar NCE ce mafi ƙarancin abin da ake nema ga malami. Ziyara ɗaya da hantsi za ta nuna ko ajin na da ɗakinsa da malaminsa, ko an cusa ƙananan ne a bayan 'yan aji ɗaya. A duba ruwan sha da banɗaki da katanga da inuwar wasa. A lura ko yaran suna waƙa da ƙirga da wasa da abin hannu, ko kuwa suna zaune shiru ne tun safe.

Kowace makarantar gwamnati ana sa ran tana da kwamitin al'umma na SBMC da ƙungiyar iyaye da malamai. Mambobinsu sun fi kowa sanin ko malamai na zuwa a kan lokaci.

Daga ƙarshe, kada a rubuta makarantar da ba za a iya kai yaro ba don kawai a cike layi, kada kuma a tsaya a kan guda ɗaya tal. Jeri mai kyau yana farawa da wadda aka fi so, ya ƙare da wadda ke kusa da gida, wadda idan ita aka samu za a kai yaron ranar farko ba tare da jinkiri ba.