Kirfa a Faifan Ɗan Koli

A Kafin Hausa da na tashi a ciki, kirfa ba kayan awo ba ce. Ɗan koli yakan karya ɗan ɓawo, ya haɗa da kanumfari da citta, a kai wa mai jego ko a jefa a shayi. Tsada ce ta sa ake taka-tsantsan da ita, don ba a ƙasarmu take fitowa ba.

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa kasuwar Kurmi ke karɓar kayan ƙamshi daga ayarin Sahara, fatake su ratso da su ƙasar Haɗeja a kan jakuna. Da layin dogo na Nguru ya biyo ta Malam Madori wajen 1930, sai hanya ta sauya, kaya suka riƙa shigowa ta teku, jirgin ƙasa ya hauro da su.

Yawancin wadda ke kasuwanninmu yau ta Sin ce ko Indunusiya ko Biyetnam, kuma tana ɗauke da sinadarin kumarin: fari ne, mai ɗaci, mai ƙamshin sabon yankan ciyawa. A 1820 aka fara ware shi daga 'ya'yan wani icen Kudancin Amurka, a 1868 William Perkin ya haɗa shi a Ingila, masu turare suka rungume shi. Likitoci sun gwada shi kan tundurmi da sauran kumburin gaɓoɓi, a wasu gwaje-gwajen ya rage kumburi, amma ya taɓa hantar wasu, har Ostireliya ta janye shi a 1996. Shi kansa ba ya tsinka jini. Sai da ciyawar shanu ta yi fumfuna a Amurka ya rikiɗe ya zama dikumarol, wanda ya haifi warfarin, gubar ɓera a 1948, maganin daskarewar jini daga 1954.

Abin da ke damuna, tunda kirfa ta yi arha, masu ciwon suga a garinmu cokali suke cikawa kullum da sunan magani. Hukumar abinci ta Turai ta ƙayyade miligiram 0.1 na kumarin kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 60, giram 2 na garin irin wannan kirfa kan kai shi iyaka.

Kirfar Siri Lanka kuwa kumarin ɗinta kaɗan ne ƙwarai. Ɓawonta siriri ne, naɗe fallaye-fallaye, yana marmashewa a hannu. Ta Sin kauri gare ta, naɗi ɗaya, sai an sa ƙarfi take karyewa. In an riga an daka, ido ba ya rabe su.