Waƙoƙin Yaƙin Turwa da Suka Salwanta

Duk malamin da ya taɓa karanta Iliyad tare da ɗalibansa ya san tambayar da ke biyo baya in an kai ƙarshe: ina dokin katako? Ina mutuwar Ashil? Babu ko ɗaya a ciki. Waƙar Homer mai ɗango sama da 15,000 kwanaki kamar 50 kawai ta ɗauka cikin shekara ta goma ta yaƙin, ta tsaya a kan jana'izar Hektor, birnin Turwa yana nan da ganuwarsa. Odise kuwa labarin komawar mutum ɗaya ne gida, dokin ma a gurguje aka ambace shi. Sauran labarin yana cikin wasu waƙoƙi 6 da Girkawa suka sani sarai, mu kuwa sunayensu da ɓarɓashinsu kaɗai suka iso mana.

An tsara su tsakanin ƙarni na 8 da na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ta farko, Kipiriya, juzu'i 11 gare ta, ita ce ta ba da mafarin rikicin, tun daga hukuncin da Faris ya yanke tsakanin alloli mata uku har zuwa ɗauke Helen. Bayan Iliyad sai Etiyofis mai juzu'i 5, da Ƙaramar Iliyad mai 4 inda aka sassaƙa dokin, da Faɗuwar Iliyon mai 2, da Komawa Gida mai 5, sannan Telegoni mai 2 wadda ta zo bayan Odise. Juzu'i 29 ke nan, amma in an tattara abin da ya rage daga cikinsu, ƴan shafuka ne kawai. Kipiriya ce ta fi sa'a da ɗango kamar 50, su ma don wasu marubuta sun tsakuro su ne domin kafa hujja a kan wata kalma ko wata al'ada.

To, ta yaya muka san abin da ke ciki? Wani masani mai suna Purokulus ya taƙaita su a wani littafin koyon adabi. Shi ma littafin nasa ya ɓata, amma masu kwafar Iliyad sun ɗauki taƙaitawar sun maƙala a gaban waƙar don mai karatu ya san inda aka fito da inda aka dosa. Mafi shahara cikin waɗannan kwafe-kwafe shi ne wani kundi na ƙarni na 10 da ke ɗakin karatu na Marciyana a birnin Benis na Italiya, wanda Bafaranshe Villoison ya buga a 1788. Wato albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko: waƙoƙin da Homer ya danne, a gefen littafinsa labarinsu ya tsira.

A ganina babu asarar da ta kai ta Etiyofis, wadda ake jingina wa Arkitinus mutumin Miletus. A cikinta ne sarauniyar mayaƙa mata, Fentesileya, ta kawo wa Turwa ɗauki, Ashil ya kashe ta. Da Tersitis ya yi masa ba'a cewa son ta yake, sai ya kashe shi nan take, har sai da ya tafi tsibirin Lesbos aka tsarkake shi daga jinin. Daga nan Memnon ya iso, sarkin mutanen da Girkawa ke kira Aitiyofes, ɗan allahiyar alfijir, sanye da sulken da maƙerin alloli ya ƙera kamar na Ashil. Ya kashe Antilokus ɗan tsoho Nestor, Ashil ya rama, uwar Memnon ta roƙa wa ɗanta rai madawwami aka ba ta. Ashil bai daɗe ba bayan haka: a ƙofar birni Faris ya harbe shi da taimakon Afolo. Nan ne mawaƙin Girka ya sa baƙon sarki daidai kafaɗa da gwarzon Girkawa, ga uwa a sama, ga makamai iri ɗaya, amma ba mu da ko baiti guda na wannan karon. Sai dai a yi hattara da sunan. Kalmar tana nufin masu ƙonanniyar fuska, ba Habasha ta yau kai tsaye ba, kuma Herodot da birnin Susa na Farisa ya haɗa Memnon. Daga baya ne aka fi karkatar da shi kudu da Masar.

Me ya sa suka ɓata? Mutane kan gaggauta ɗora laifin a kan gobarar ɗakin karatu na Iskandariya, amma al'amarin ya fi haka sanyi da daɗewa. Da farko ana ɗaukar wasunsu a matsayin na Homer ne. Herodot, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya musa haka game da Kipiriya, domin a cikinta Faris ya kai gida cikin kwana 3, alhali a Iliyad ya yi yawo har Sidon. Aristotal ya zo ya ƙara da nasa: Homer ya riƙe al'amari ɗaya, waɗannan kuwa jera aukuwa suke yi, har a Ƙaramar Iliyad kaɗai ana iya fitar da wasan kwaikwayo 8. Da masana suka raba su da sunan Homer, sai daraja ta ragu, malaman makaranta suka tsaya a kan Iliyad da Odise. Takardar fafirus kuwa ba ta jure ɗaruruwan shekaru sai a busasshiyar ƙasa, don haka littafin da ba a sake kwafa ba ya kama hanyar mutuwa. Juji na garin Oksirinkus a Masar, da aka soma tonawa a ƙarshen ƙarni na 19, ya nuna wannan ƙarara: guntayen Homer sun fi na kowane marubuci yawa. Fotiyus, shugaban cocin Kustantiniya a ƙarni na 9, ya naƙalto cewa Purokulus ya ce ana adana su ne don jerin labarin, ba don kyan waƙar ba. Wanda ake nema don labari kawai, taƙaitawa na iya maye gurbinsa, kuma haka aka yi.

Ba zan rantse cewa hukuncin Aristotal adalci ne ba, tunda shaidar da za a auna shi da ita ta tafi. Abin da ke tabbas shi ne marubutan baya sun sha daga wannan rijiya: Sofokilis da Yurifidis sun ɗebo wasanninsu da yawa daga nan, Birjil ya ba da faɗuwar birnin a juzu'i na 2 na Eneyid, Kwintus mutumin Simirna kuma ya sake tsara zangon tsakanin Iliyad da Odise cikin juzu'i 14 a zamanin Rumawa.

Shi kuwa Memnon, sunansa ya manne a kan wani abin da ba nasa ba. A yammacin kogin Nilu, daura da Luksor, akwai gumaka biyu manya na Fir'auna Amenhotef na 3. Ɗaya ya tsage, yana fitar da ƙara da hudowar rana, sai Girkawa suka ce Memnon ne ke gaida uwarsa. Sarkin Rum Hadiriyan ya je ya saurara a shekara ta 130, baƙi suka cika ƙafafun gunkin da rubutu. Da aka gyara tsagar, sai ya yi shiru.